Eligibility a wasannin makarantu: cancanta ce ko cika sharaɗi?

1/ Masu fassara da malaman wasanni, ku taya ni mu tsayar da magana ɗaya. Idan kwamitin gasar makarantu ya zauna a kan ko yaro zai buga ko ba zai buga ba, abin da yake dubawa shi Turawa ke kira eligibility. Yawancinmu "cancanta" muke cewa. Ni dai ban gamsu da ita ba.

2/ A kunnen Bahaushe, cancanta da ƙwarewa tare suke tafiya. In aka ce ɗan wasa ya cancanta, ana nufin ya iya, ya yi gumi, ya kai. Shi kuwa kwamiti takardu yake bi: ranar haihuwa, sunan yaro a rajistar makaranta, yaushe ya sauya makaranta, yaya sakamakonsa na aji. A Amurka, hukumomin wasannin sakandare na jihohi da dama suna tsayar da ɗalibin da ya cika shekara 19 kafin ranar da suka ƙayyade, kuma zango 8 kacal, wato shekara huɗu, suke ba shi daga shigarsa aji na 9, ajin farko na babbar sakandarensu. Yaro yana iya zama gwanin gwanaye, shekaru su fitar da shi.

3/ Yanzu ku dubi uba riƙe da wasiƙar da ta ce "ɗanka bai cancanta ba". Da idonsa ya ga yaron yana zura ƙwallo. Dole ya ɗauka raini ne ko son kai. Sai ya je gaban kwamiti yana lissafa ƙwallaye, alhali takardar haihuwa ce za ta fisshe shi, ga shi ya baro ta a gida. Yaron ma da wannan kalma zai kwana a ransa, kuma wannan ya fi damuna.

4/ An kawo "halacci", amma tana da nauyin addini, kishiyarta kuma haramci ce. Ya yi tsauri a kan ɗan sakandare. "Dacewa" kuwa ta yi sako-sako.

5/ Shawarata: "cika sharaɗi". Ya cika sharaɗi, bai cika sharaɗi ba. Duk wanda ya ji haka, tambayar da za ta fito masa ita ce "wane sharaɗin?", kuma tilas kwamiti ya nuna shi a rubuce. Daga nan gardama ta sami inda za ta tsaya. Ko FIFA da ta fara gwajin MRI, wato ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don kimanta shekaru, a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, sharaɗin shekaru take tabbatarwa.

6/ Saura appeal. Nan ba mu da aiki, "ɗaukaka ƙara" ta zauna, da ita ake ba da labarin kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a ƙasar Switzerland, wadda aka kafa a 1984. Sai dai kada a haɗa ta da "ƙorafi". Ƙorafi shi ne wanda makarantar da aka kara da ita ke shigarwa tun farko. Ɗaukaka ƙara sai bayan hukunci, a gaban wasu mutane dabam da waɗanda suka yanke shi. Bambancin na da muhimmanci, domin kowanne da wa'adinsa, hukuncin kuma yakan kai ga ƙwace nasara. A dokar FIFA, 3-0 ake rubutawa.

7/ Ga yadda wasiƙar za ta fito: "Ɗalibin bai cika sharaɗin shekaru ba. Makaranta na da damar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika." Wanda ya ga inda "cika sharaɗi" za ta gaza, ya kawo jimlar mu gwada ta.