Waye ya taɓa zuwa bonfire?

Sabon Zuwa: Salam jama'a. Maƙwabciyata baturiya a nan Lids ta ce in zo bonfire ranar 5 ga Nuwamba, na ce mata to, amma wallahi ban gane ba kuma na ji kunyar tambaya. Biki ne ko me?

Maman Biyu: Hhhh ƙanena ka tuna min shekarata ta farko a Ingila. Ina cikin soya albasa sai na ji tas tas tas ta ko'ina, na kashe gas na kwashi yara muka shige ƙarƙashin bene ina ta salati, babansu ya dawo ya same mu a takure yana dariya har da riƙe ciki, wai nokawut ne kawai. Sati guda ban yafe masa ba.

Malamin Turanci: Ita kalmar, babbar wuta ce da ake hurawa a fili da gangan, ba gobara ba kuma ba ta girki ba. Asalinta bone fire, wato wutar ƙashi, don a da ƙasusuwa ake ƙonawa. Ta 5 ga Nuwamba kuma tun 1605 ne, lokacin da aka kama Guy Fawkes da ganga 36 na albarushi a ƙarƙashin majalisa, shi da abokansa suna shirin tashin Sarki James na ɗaya. Mutum-mutumin Guy Fawkes ake jefawa a wutar. Na je ta garin Lewes sau ɗaya, cunkoso sai ka ce ranar hawan daushe.

Tsohon Kofa: Mu a jami'a burn fire muke cewa, na fi shekara uku a haka kafin na gan ta a rubuce, kuma har yau ina ganin tamu ta fi ma'ana lol. A jaridun turanci ma in masu zanga-zanga suka ƙona taya a titi, bonfire suke rubutawa.

Baba Alhaji: Yanzu wutar karan da muke jin ɗumi da hunturu muna gasa rogo ita ce aka sa wa rana?

Sabon Zuwa: Allah ya ja kwana Baba 😂 to in je kenan?

Maman Biyu: Je ka, amma ka tambayi naman da ke cikin sosej ɗin kafin ka kai baki. Kuma kar ka sa sabuwar jaket, tawa kwana biyar tana warin hayaƙi.