Anoreksiya da Hausa: ga kalmar da na tsaya a kai

Salamu alaikum ƴan'uwa. Kwana uku ke nan da na tambaye ku yadda za mu ce anoreksiya, cutar da mutum ke ƙin cin abinci har ya rame, da Hausa, saboda takardar wayar da kai da aka ba ni in fassara daga Faransanci. Amsoshi sun zo da yawa, Allah ya saka da alheri.

Galibinku kun ce "rashin sha'awar abinci". Haka kalmar take nufi a Girkanci, kuma da ita likitan Ingila William Gull ya raɗa wa cutar suna a 1873. Sai dai tun can sunan ya kauce hanya. Mai wannan ciwo yana jin yunwa, cikinsa na kuka, shi ne ke danne kansa. In muka faɗi haka a rediyo, uwa za ta sayo maganin buɗe ciki ta ce ta gama magani.

Wani ya ce "tamowa". A'a, don Allah. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a Maraɗi, ya ga uwaye a layi da yara a goye kamar kara, ya san nauyin kalmar nan. "Ciwon rama" ma na ajiye ta, don kunnen mutane sida ko tarin fuka zai ji.

Wadda ta taɓa ni ita ce "ciwon ƴan mata". Akwai wani yaro a danginmu, mai jiki ne tun yana ƙarami, ga sanyin murya. Abokansa na lakwal suka laƙaba masa "Hajiya", daga baya ya koma "ɗan daudu". Ba abin da suka gani gare shi sai ƙirji da tafiya, suka yanke masa hukunci a kan wanda yake sha'awa. Yaron nan ya fara tashi da asuba yana gudu. In an zuba tuwo sai ya yi ta juya loma ɗaya cikin miya har a ɗauke kwano. Ni da idona na ga ya tuttular da furarsa bayan zaure, ya goge baki, ya shigo yana cewa alhamdulillahi. Uwarsa ta yi zaton sammu ne, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Da lokotoro ya faɗi abin da ke damunsa, babansa cewa ya yi, "Wannan ai ciwon mata ne." Yaro ya ji da kunnensa. Wata biyu bai yarda ya koma likita ba.

Ko can Turai wannan zato ya daɗe yana rufe bakin maza. Gaskiya ce mata sun fi kamuwa, amma sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire ɗaukewar haila daga sharuɗɗan gane cutar. Ba zan sa hannuna a kalmar da za ta ƙara wa yaro irin namu gori ba.

Da farko "ciwon tsoron ƙiba" na so. Wata anti, ungozoma, ta rubuto: "Ɗana, a nan rama ake tsoro. Je ka ga masu sayen sha-ka-fashe." Ta yi gaskiya. Amarya in ta zo ganin gida ba ta yi ƙiba ba, sai a ce miji ba ya riƙonta, shi ya sa ake haɗiyar ƙwayoyi irin su desametazon, masu kumbura fuska su ta da hawan jini da sukari. Amma a tsibiran Fiji ma mace mai jiki ake yabo, talabijin ta shiga a 1995, zuwa 1998 mai bincike Anne Becker ta tarar ƴan mata na jawo amai don su rame. Mu kuwa waya tana hannun kowace yarinya.

Duk da haka maganar anti ta sauya mini ra'ayi. Likita Sing Lee ya ga marasa lafiya a Hong Kong da suka daina ci ba su taɓa ambaton ƙiba ba, kumburin ciki suke kuka da shi. Ke nan gara suna ya kama abin da uwa za ta gani da ido: "ciwon hana kai abinci". Ba namiji ba mace a cikinsa, kuma "ciwo" ya raba shi da azumi.

Bulimiya kuwa, cutar da mutum ke cin abinci da yawa sannan ya jawo amai, wadda likita Gerald Russell ya bayyana a 1979, wani ya kawo "ci-ka-amayar". Tana da daɗin faɗa, amma gobe yara za su mai da ita zagi. Na rubuta "ciwon ci da amayarwa".

Jibi zan miƙa takardar. Ƴan'uwa na Damagaram da Katsina, ku karanta su biyun ga iyayenku mata, ku faɗa mini abin da suka fahimta.