Neman shawara kan saɓanin labarin Strahd a wasanmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina jagorantar wasan Dungeons & Dragons (wasan da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin ƙagaggen labari) ga abokaina a Gombe, muna bin littafin wasan Curse of Strahd na 2016, amma wasunsu sun karanta ƙagaggen labarin I, Strahd na P. N. Elrod, wanda ya fito a 1993. A labarin, Alek Gwilym ne na hannun daman Strahd, mashayin jinin da ke mulkin ƙasar Barovia, alhali a littafin wasan Rahadin ne na hannun damansa, kuma gardamar nan ta tsayar mana da wasa cak. Labarin ya fi ratsa zuciya a ganina, sai dai da bakin Strahd aka bayar da shi, mutumin da ya kashe ƙaninsa Sergei saboda wata mace mai suna Tatyana. Shin in haɗa Alek da Rahadin a tarihi guda, ko in ajiye ɗaya?