Shirin ziyarar Ƙasa Mai Tsarki: abin da jama'a suka ce

Na tattara shawarwarin ne don masu niyyar zuwa Isra'ila da Jodan.

1. Kowa ya yarda cewa fasfo ya zama da sauran wata 6 aƙalla. Magani da katin rigakafin ciwon shawara su zauna a jakar hannu.

2. Takalmi aka fi nanatawa. Duwatsun tsohon birnin Urushalima sun goge, suna da santsi, ga gangaren Dutsen Zaitun zuwa lambun Getsamani. Kada a sa sabo. A fara yawo da shi tun daga gida.

3. Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa, in ba haka ba a tsayar da mutum a ƙofar coci. Disamba da Janairu akwai ruwa da sanyi, a riƙe rigar sanyi.

4. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa daren Asabar shagunan Yahudawa da motocin bas suna tsayawa. Soket ɗinsu ba irin namu mai baki uku ba ne, sai da adafta.

5. Tekun Gishiri: kada a yi aski ranar, kada ruwan ya shiga ido.

Inda aka rabu shi ne wurin baftisma a Kogin Urdun. Wasu sun zaɓi Yardenit, kusa da Tekun Galili, saboda tsabta. Wasu suka ce Qasr al-Yahud, kusa da Yariko, ya fi dacewa da labarin Yohanna Mai Baftisma, ko da ruwan jajir ne. Kan kuɗi ma haka: dala tana shiga a Baitalami, amma masu canzawa zuwa shekel, kuɗin Isra'ila, sun ce ciniki ya fi sauƙi.