Plasma mai inci 42 an rubuta mata 1024x768, me ya sa fuskoki ke fitowa a baje?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum masana. Tambayata kan talabijin plasma ce ta Samsung mai inci 42, ta hannu. An rubuta mata HD, amma a takardarta yawan ɗigon hoto 1024x768 ne. In ka lissafa, wannan 4:3 ne, irin na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, alhali gilashin mai faɗi ne. Ga abin da take yi: da dikoda fuskoki na fitowa a baje, da kwamfuta ta wayar VGA komai na miƙewa gefe, kuma rubutun da ke gudana a ƙasan tashar labarai rabinsa a yanke yake. Gilashin aka canza mata ko saiti ne?

Bakaniken Talabijin:
Wa alaikumus salam. Malam, ba wanda ya canza maka gilashi, haka aka ƙera ta. Ɗigon da ke cikin irin wannan plasma faɗinsa ya fi tsayinsa. Gilashin inci 42 faɗinsa kusan santimita 93, tsayinsa kusan 52. Raba 93 gida 1024, kowane ɗigo ya tashi da faɗin kusan milimita 0.9. Raba 52 gida 768, tsayinsa kusan milimita 0.68. Wannan rarar faɗin ita ke mayar da 4:3 na takarda ya zama 16:9 a ido.

Dalilin yin haka shi ne kowane ɗigo ƙananan ɗakuna uku ne masu iskar gas, ja da kore da shuɗi, jere a kwance. Matse su na da tsada, kuma duk ɗakin da ya ƙanƙance haskensa raguwa yake. Shi ya sa Panasonic da Samsung da LG suka daɗe suna fitar da inci 42 a 1024x768. Masu inci 50 da yawa 1366x768 ne, ɗigonsu daidai wa daida. Tsofaffin masu inci 42 da suka riga su 852x480 ne, waɗannan ko HD ba su kai ba, sai a kula wajen saye. Akwai kuma na Hitachi da Fujitsu masu 1024x1024.

Hoton 720p ɗigo 1280 ne a kwance, sai allon kwakwalwar talabijin ya matse shi zuwa 1024, ya ɗaga 720 zuwa 768. In saƙon da aka aiko mata daidai ne, ƙwallo zai fito zagaye sumul. Bajewar da kake gani daga saiti take.

Mai Haɗa Dish:
Ɓangaren dikoda nawa ne. Saiti biyu ne ke sabawa juna, na dikoda da na talabijin, kuma kowace irin saɓawa da alamarta.

In dikoda na kan 4:3 Pan & Scan, talabijin kuma na kan 16:9, dikoda za ta yanke gefe biyu na hoton, talabijin ta ja ragowar ya cika gilashi. Mutane su ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, makin wasa da ke kusurwa ya ɓace. Ina kyautata zaton wannan ce matsalarka. In dikoda na kan 4:3 Letterbox, za ka ga baƙi sama da ƙasa, sannan hoton a baje duk da haka. In kuwa dikoda na kan 16:9, talabijin na kan 4:3, mutane za su fito a rame, dogaye.

Gyaran: shiga saitin hoto na dikoda, ko DStv ce ko StarTimes ko Strong, ka nemi Aspect Ratio ko TV Type, ka sa 16:9. Sannan ka danna P.SIZE a rimot ɗin Samsung ka zaɓi 16:9, kada ka zaɓi Zoom ko Wide Zoom. Gwada da tashar ƙwallo, ka dubi ƙwallon lokacin da kyamara ta matso kusa.

Kuma in wayar AV mai kai uku kake amfani da ita, rawaya da fari da ja, layi 576 kawai take ɗauka ko da tashar HD ce. In dikodarka na da HDMI, koma kanta.

Mai Neman Sani:
Na gode, Oga. A HDMI ɗin wanne zan zaɓa, 720p ko 1080i? Sai kuma batun kwamfutar.

Ɗan Kwamfuta:
Duka biyu za ta karɓa, kuma duka sai ta sake masu girma, tunda babu wanda ya yi daidai da 1024x768. 720p ya fi kusa da girman gilashin, ya kuma fi santsi a wasan ƙwallo saboda cikakken hoto yake aikowa kowane karo. 1080i rabi-rabi yake zuwa, sai talabijin ta haɗa, kuma tsofaffin plasma ba duka suka iya haɗin da kyau ba. Fara da 720p, in rubutu ya fi fita a 1080i ka bar shi can. Abin kula shi ne 50Hz, wato sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, domin shi tashoshinmu ke bi. Plasma da aka shigo da ita daga Amurka sau da yawa 60Hz kaɗai ta sani, ka ba ta 50Hz ta ce Mode Not Supported.

Kwamfuta kuwa tana ɗaukar kowane ɗigo a matsayin mai kusurwa huɗu daidai. Ka ba ta 1024x768 sai ta zana hoton 4:3, gilashin ya baje shi. Mafi sauƙi ka haɗa ta HDMI a 1280x720. In VGA ce dole, gwada 1360x768, in talabijin ta yarda. In ta ƙi sai 1024x768, kuma fim kake son kallo, buɗe manhajar kallon fim ta VLC ka riƙa danna harafin A har ya kai 4:3. Fim mai 16:9 zai matse a kwamfuta, gilashin ya buɗe shi, ya dawo daidai. Amma ƙananan rubutu ba za su taɓa fita ras a wannan gilashin ba, aikin ofis ba nata ba ne.

Yankewar rubutun ƙasa wani abu ne daban. Talabijin na faɗaɗa hoto kaɗan ta jefar da bakinsa, ɗabi'ar da aka gada daga zamanin masu ƙusumbi. A Samsung ka zaɓi Screen Fit, a tsofaffinta da LG sunansa Just Scan. Sai da hoton HD, kamar ta HDMI, zaɓin ke buɗewa, a AV a rufe za ka same shi.

Bakaniken Talabijin:
Saura gargaɗi ɗaya, don in ka gyara saitin za ka fara ganin baƙi a gefe. Shirin da aka ɗauka a 4:3, kamar tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da CD, ɗigo 768 kawai yake ci a kwance daga cikin 1024, ya bar 128 dama, 128 hagu. Wato daga inci 42 ka koma kallon kusan inci 34. Finafinan sinima masu 2.35:1 kuma sukan bar layi wajen 93 sama da ƙasa. Duk wannan daidai ne, ba lalacewa ba.

Sai dai sinadarin da ke ba plasma haske tsufa yake gwargwadon aikinsa. In tsakiya na ci kullum, gefe na hutawa, bayan watanni za ka ga shatin layi biyu a tsaye ko da hoto ya cika gilashi. Haka tambarin tasha da akwatin maki ke zama daram a plasma ta gidajen kallo. Don haka ka sa gefen ya zama ruwan toka maimakon baƙi, a Samsung yana ƙarƙashin Screen Burn Protection, wurin Side Grey. Kunna Pixel Shift a nan ɗin, a LG sunansa Orbiter. Sauka daga Dynamic zuwa Standard ko Movie, ka rage Contrast. Bayan dogon kallon 4:3 ka bar tasha mai cika gilashi ta yi kamar awa guda, ko ka kunna Scrolling. Shatin da ke gushewa bayan haka ba komai ba ne. Wanda ya yi makonni bai tafi ba ya ƙone, maganinsa sai sabon gilashi, kuma Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera plasma tun 2014, sai dai a ciro daga wata matacciya mai lamba iri ɗaya.