"Sai bango ya tsage": wace rana ce daular Rumawa ta faɗi?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a aji na ce wa ɗalibaina daular Rumawa ta faɗi a 476, shekarar da wani jagoran mayaƙa mai suna Odowasa ya tuɓe yaron sarki Romulus a Rabenna, fadar sarkin yammacin daular a Italiya. Na ɗora da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to faɗuwar ranar tsagewa ce ko ranar shigar ƙadangaren?" Wallahi har na kwanta tambayar nan ba ta sake ni ba.

Hajiya Larai: Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka. Malam, mu dai yadda muka taso, ana faɗin maganar nan ne in 'yan gida suka ɓata har bare ya samu bakin magana. Laifin na masu bango ne. In haka ne sai ka koma 395, da sarki Tiyodosiyus ya rasu aka raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa biyu, gabas da yamma. Bayan shekara 15 kacal Alarik, sarkin ƙabilar Gotawa, ya shiga birnin Rum ya kwana uku yana kwasar ganima.

Baban Ummi: Hajiya, ina da ja kaɗan. Karin maganar bai ce bango ya faɗi ba. Katangar gidanmu ta ƙasa ta tsage tun ina yaro, ƙadangaru na shan rana a kai, kowace shekara kafin damina mu kwaɓa ƙasa mu yaɓe, yau ga ta nan tsaye. Shi ma Odowasan ba daga waje ya faɗo ba, hafsa ne a rundunar Rumawa. Bai kashe yaron ba, kayan sarautar ma sai ya aika wa Zeno, sarkin gabashin daular, a Kustantiniya (Istanbul ta yau). Majalisar dattawan Rum ta ci gaba da zamanta.

Alaramma: Ku da kuke tsayawa a 476, ina za ku kai Suratur Rum? An saukar da ita fiye da shekara 130 bayan wannan ranar da kuke cewa sun ƙare. Wasiƙar Manzon Allah (SAW) zuwa ga Hiraƙal, sarkin Kustantiniya na lokacin, ta kira shi babban Rumawa. Mutanen nan Rumawa suke kiran kansu har ranar 29 ga Mayu 1453, da Sarkin Usmaniyya Muhammadu Fatih ya ci Kustantiniya bayan igwa ta yi ta dukan ganuwarta.

Hajiya Larai: Allah gafarta Malam, amma abin da Fatih ya tarar birni ne da 'yan yankuna. Mayaƙan Salibiyya sun riga sun wawushe shi tun 1204.

Alaramma: Haka ne Hajiya. Nan wata maganar ce ta dace: komai ramar giwa ta fi kwando goma. Ramammiyar ce ta sa dubban sojojin Usmaniyya suka yi kwana 53 a bakin ganuwa.

Baban Ummi: Ni a ganina maganar bango ta fi zama daidai a kan 439, da ƙabilar Bandalawa suka ƙwace birnin Kartaj na arewacin Afirka daga hannun Rumawan yamma. Daga can alkama da haraji ke zuwa. Da aka rasa su, yammacin ya rasa abin biyan soja, wato ba sauran ƙasar yaɓe.

Malam Habu: Na gode ƙwarai. Na ga kuskurena: na ɗauki maganar da ke bayyana dalilin shigar bare na sa ta a wurin ranar mutuwa. Ranar Litinin zan rubuta 395, 439, 476 da 1453 a allo, in kira yarinyar ta fara zaɓa, ta kuma faɗa wa aji hujjarta.