Rage dare ne ko zaman kashe wando?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu gardama. Jiya bayan Isha'i Baba ya tarar da ƙanina a majalisa suna ludo, ya rufe shi da faɗa. Shi kuwa da yake a Ingila ya yi karatu, sai ya ce wai abin da Turawa ke kira "while away the time" suke yi. Baba ya ce ko da wane yare aka faɗa, zaman kashe wando ne. Ni a ganina rage dare ne.

Malam Na-Tudu: Bature yana faɗin haka ne in ya zauna da littafi ko karta cikin nishaɗi. In jiran jirgi ne ya ishe shi, kashe lokaci yake cewa. To ƙanin naka wane aiki ya wuni yana yi?

Abu Sumayya: A ji tsoron Allah. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ni'imomi biyu mutane da yawa ke tafka asara a kansu: lafiya da samun sarari.

Badamagare: Akaramakallahu, mu nan a fada, wato majalisarmu ta hira, sai an sha shayi na uku ake tashi, kuma a nan ake jin inda aiki ya faɗo.

Maman Ummi: Allah ya jiƙan kakata ta Funtuwa. Da an idar da Isha'i sai ta kunna aci-balbal, ta jawo kwandon auduga da mazari, ta ce ku zo mu rage dare. Mu muna gurza, ita tana kaɗi tana shafa alli a yatsa, bakinta na kan Gizo da Ƙoƙi. Mutum ɗaya ya yi gyangyaɗi, ta datse tatsuniyar sai gobe, mu yi ta mintsinin juna. Da kuɗin zaren nan ta yi wa gwaggona kayan ɗaki, har da jeren tasoshi.

Sarkin Zolaya: Hajiya, ai wakilinmu ma shekara huɗu ya yi yana rage dare a Abuja, ko zare ɗaya ba mu gani ba.

Ɗan Fagge: Shi ma majalisa yake zuwa, sai dai shi Baba ba ya iya tarar da shi.

Malam Na-Tudu: Kun ga an bar zancen.

Badamagare: Maman Ummi, tasoshin suna nan? Akwai mai saye a Damagaram.